Girgizar Ƙasa: Hannun Wa Za Ki Danƙa Wa Sadakarki?

A fitowar da ta gabata na yi alkawarin za mu ci gaba da maganar tarbiyyar 'ya'ya mata, to amma ku yi mini afuwa, zan ɗaga ta zuwa gaba, saboda wata wasiƙa da ta zo mini daga wata baiwar Allah a Kazaure wadda ta fama mini wani tsohon miki. Ta ce ta ga hotunan girgizar ƙasar da aka yi a gabashin Afganistan a ƙarshen watan Agustan 2025, wadda ta hallaka mutum sama da 2,000, ta kwana ba ta runtsa ba, tana son ta taimaka da ɗan abin da Allah ya hore mata. Sai ga lambobin asusun banki har guda uku an turo mata a waya, kowace da sunan aikin agaji. Shi ne take tambaya, "Malama, wacce zan tura wa?"

Kafin in ba ta amsa, bari in ba ku labarin abin da ya faru da ni kaina, don kada ku ɗauka daga kan buzun malanta nake magana. Ni ma an taɓa yi mini sakiyar da ba ruwa, kuma da kuɗin mutane.

Ranar Litinin 6 ga Fabrairun 2023, da misalin ƙarfe 4:17 na asuba agogon can, ƙasa ta girgiza a kudancin Turkiyya da arewacin Siriya, girgiza mai ƙarfin maki 7.8. Mutane suna barci, ana tsakiyar hunturu, har da dusar ƙanƙara a wasu wuraren. Bayan kamar awa tara wata ta sake biyowa mai maki 7.5, ta ƙarasa rushe gidajen da ta farko ta tsattsaga. Larduna 11 abin ya shafa a Turkiyya, inda sama da mutum 50,000 suka riga mu gidan gaskiya, ban da wasu dubbai a Siriya. Har ɗan ƙwallon nan na Ghana, Christian Atsu, yana cikin waɗanda gini ya danne a lardin Hatay. Mu nan Allah ya rufa mana asiri, ƙasarmu tana nesa da bakin manyan faya-fayan duwatsun ƙarƙashin ƙasa da kan goga juna su haifar da wannan bala'i. Abin da muka sani bai wuce ɗan motsin da aka ji a Mpape ta Abuja a 2018 ba, wanda ya firgita mutane amma bai kai ya kawo ba. Saboda haka da hotunan suka fara yawo a wayoyi, matan makarantarmu ta matan aure a nan Kanya Babba sun ga abin da ba su taɓa gani ba.

Hoton da ya fi taɓa mu shi ne na jaririyar nan da aka haifa a ƙarƙashin ɓaraguzai a garin Jindiris na Siriya, aka zaro ta da cibiyarta ba a yanke ba, uwa da uba da 'yan uwanta duk sun rasu. Wace uwa ce za ta ga wannan ta ci tuwo ya wuce mata? Ɗaya daga cikin ɗalibaina ce ta kawo bidiyon aji, a ƙarƙashinsa an rubuta dogon bayani da Hausa mai daɗi, da ayoyi, da lambar asusu, an ce wata ƙungiya ce za ta kai kaya da kanta, kuma jirgi zai tashi nan da kwana uku, wanda bai tura ba ya makara.

Ku tuna fa wane lokaci ne wannan. Lokacin canjin kuɗi ne, sabbin takardun naira sun yi ɓatan dabo, masu POS suna yanka yadda suka ga dama, magidanta suna wuni a layin banki su dawo hannu rabbana. Duk da haka matan nan suka ce sai an yi. Wadda ba ta da tsaba ta kawo tiyar gero, wata gyaɗa, wata ƙwai. Akwai wata dattijuwa da dukkanmu muke kira Inna, wadda a shekarunta take fama da izu na biyu ba ta taɓa fashi ba, ita kaza ta kamo, ta ce ita ke nan gare ta. A kwanakin nan mai tsabar kuɗi shi ne sarki, don haka kazar ba ta yi rabin kuɗinta ba. Wani ɗan kasuwa ya kwashe kayan ya turo mini kuɗin ta waya, muka haɗa da na waɗanda suka kawo tsaba, ya kama naira 47,500. Ni na karɓa, ni na tura.

Abin da har yau yake ci mini rai shi ne, da na sa lambar, sunan da ya fito a wayata sunan wani mutum ne, ba sunan ƙungiya ba. Na ɗan yi turus. Sai na koma na duba bayanin, na ga an rubuta wai ma'ajin ƙungiyar ne, na ce to ai shi ke nan, na danna. Bayan kwana goma matar yayana ta turo mini bidiyon nan daga Kano, bayani iri ɗaya, ayoyi iri ɗaya, jirgin nan dai har yanzu saura kwana uku ya tashi, amma lambar asusu daban, suna daban. Na kira lambar wayar da aka sa, a kashe. Na kira washegari, a kashe. Da na gaya wa maigida, shiru ya yi, can ya ce, "Malama, ke da kike karantar da babin amana." Bai ƙara ko kalma ba, kuma da ya yi mini faɗa da ya fi mini sauƙi.

Ranar Asabar da na shiga aji, Inna ce ta fara tare ni da fara'arta: "Malama, sun samu kuwa? Yarinyar nan an saya mata madara?" Wallahi 'yan uwa ban taɓa jin nauyin harshena irin na ranar ba.

Da na warware musu, da yawansu sai suka ce, "Ai ba komai Malama, mu dai don Allah muka bayar, ladanmu yana nan." Wannan magana gaskiya ce, kuma ina so a riƙe ta. Hadisi ingantacce ya zo da labarin mutumin da ya fita da sadakarsa da dare har sau uku, ta faɗa hannun ɓarawo, da mazinaciya, da mawadaci, aka kuma yi masa bushara da cewa an karɓa. Wadda ta bayar da zuciya ɗaya aka yaudare ta, Allah ba ya tozarta niyyarta. To amma akwai abu biyu da wannan magana ba ta share ba. Na farko, ladanki ya tabbata, amma wancan da yake kwance cikin sanyi ba bargo yana nan yadda yake, kuma dominsa kika fitar da kuɗin tun farko. Na biyu ya shafi irina, masu karɓar na wasu. Malaman fiƙihu sun ce wanda aka ba amana ba ya biya idan ta salwanta, sai fa idan ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka. Na auna kaina da wannan ma'auni, na ga suna ya fito mini ɓaro-ɓaro, zuciyata ta yi mini gargaɗi, na take ta. Wannan sakaci ne, ba shi da wani suna. Don haka na biya kuɗin daga ɗan albashina cikin wata uku, duk da sun yi ta rantsuwar sun yafe.

Tun daga nan na shiga bin diddigin yadda agaji yake isa ga mutane in an yi irin wannan bala'i, kuma abin da na fahimta shi ne da na san shi tun farko da ko sisi ban tura ba.

A kwana ukun farko, lokacin da ake da kyakkyawan zaton samun masu rai a ƙarƙashin gini, waɗanda suke aikin ceto maƙwabta ne da ma'aikatan ƙasar da ƙwararrun da ƙasashe suka aiko da karnuka da na'urori. A Turkiyya hukumar gwamnati mai suna AFAD ce take jan ragamar aikin, a yankin 'yan tawayen Siriya kuwa 'yan sa-kai ne masu farar hular kwano suka yi ta tono, wani wurin da hannu. Ita kanta Majalisar Ɗinkin Duniya, da duk jiragenta da motocinta, sai ranar 9 ga wata ayarin motocinta na farko ya samu shiga arewa maso yammacin Siriya, domin a lokacin ƙofa ɗaya tak aka yarje mata, ta Bab al-Hawa, kuma hanyoyin zuwa can sun lalace. Sai bayan mako guda aka amince da buɗe wasu ƙofofi biyu. Haka kuma da aka yi girgizar ƙasar Maroko ranar 8 ga Satumban 2023, wadda ta ci rayuka kusan 3,000 a ƙauyukan kan duwatsu da ke kudu da Marrakesh, gwamnatin ƙasar da farko daga ƙasashe huɗu kawai ta karɓi tawagar agaji: Sifen, Ingila, Ƙatar da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. To uwargida, in manyan ƙasashe suna tsaye a bakin ƙofa suna jiran izini, ta ina wani yaro mai asusu da sunansa zai bi da jirginsa nan da kwana uku?

Wannan shi ya sa tambaya ta farko da nake yi yanzu ita ce: ta hannun wa kuɗin zai shiga ƙasar? Ƙungiyar kirki ko dai tana da ma'aikatanta a can tun kafin bala'in, ko tana da abokiyar aiki sananniya a can, kuma za ta faɗa miki sunanta ba tare da kame-kame ba. Misali, ƙungiyar Red Cross ta Nijeriya da takwarorinta masu alamar jinjirin wata a ƙasashen Musulmi duk ƙarƙashin tarayya ɗaya suke, shi ya sa abin da aka tara a wata ƙasa yake da hanyar isa wata. Islamic Relief, wadda aka kafa a birnin Birmingham na Ingila a 1984, ta daɗe tana aiki a Siriya tun kafin girgizar, saboda yaƙi. Sannan akwai ofishin jakadancin ƙasar da abin ya shafa. A 2023 ofishin jakadancin Turkiyya da ke Abuja ya fitar da sanarwar irin kayan da ake buƙata da inda za a kai su. Da na sa ƙanena ya bincika wannan kaɗai, da kazar Inna ba ta tafi a banza ba.

A nan gida kuma muna da manyan ƙungiyoyinmu da kowa ya san ofishinsu da shugabanninsu, irin su Jama'atu Nasril Islam mai hedikwata a Kaduna, da Izala da 'yan agajinta, da ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN da aka kafa a 1985. Sai dai ki lura, 'yan damfara sun fi son irin waɗannan sunaye, don sun san da su zuciya take saurin kwanciya. Don haka ko da sunan wa aka turo miki saƙo, kada ki ɗauki lamba daga saƙon da aka yi ta turawa hannu zuwa hannu. A tura maigida ko babban ɗa ofishin reshensu, ko a tambayi limamin da yake cikinsu: da gaske kun buɗe asusun agaji? Wace ce lambar? Gani ya kori ji.

Sai maganar suna, wadda ita ta kayar da ni. Duk lokacin da kika sa lambar asusu a waya, ko mai POS ya sa miki, sunan mai asusun yana fitowa kafin kuɗi ya fita. Ki sa a karanta miki shi da ƙarfi. Ƙungiyar da ta yi rajista da hukumar rajista ta ƙasa, wato CAC, tana iya buɗe asusu da sunanta, kuma ana iya duba sunan kowace ƙungiya a shafin hukumar na intanet, yaran nan namu masu shafa waya dare da rana minti biyar ya ishe su. Idan aka ce miki ƙungiya ce, amma sunan mutum ɗaya ya fito, ki mayar da kuɗinki bakin zani. Ba na cewa duk mai tara kuɗi da sunansa ɓarawo ne, a'a. Akwai bayin Allah da suke tara wa maras lafiya na unguwa, kowa ya san su, kowa ya san majinyacin, wannan daban. Amma kuɗin da zai ƙetare teku zuwa wurin mutanen da ba ki sani ba, bai kamata ya kwana a aljihun mutumin da shi ma ba ki sani ba.

Ki kuma ji tsoron mai gaggauta ki. "Yau ne rana ta ƙarshe." "Tura wa mutum goma kafin ki kwanta." "Duk wanda ya gani bai taimaka ba, Allah zai tambaye shi." Wannan duk dabara ce ta hana ki tunani. Buƙatar waɗanda girgizar ƙasa ta rusa wa gari ba ta ƙarewa a mako ɗaya. Shekara biyu bayan ta Turkiyya, dubban ɗaruruwan mutane suna zaune a ɗakunan kwantena suna jiran gidaje. Hasali ma lokacin da 'yan jarida suka naɗe kayansu suka tafi, duniya ta juya ga wani labarin, a nan ne taimako yake yin ƙaranci. Kuɗin da na biya, sai a watan Mayu muka aika da shi, ta hannun wata ƙungiya da maigida da wani malaminmu suka taka har ofishinta a Kano suka karɓo rasit, kuma ban ji ko kaɗan cewa mun makara ba. Su kansu hotunan ma a yi hattara, domin sau da yawa akan ɗauko na wani tsohon bala'i ko na yaƙi a liƙa wa sabo.

Wata za ta ce, to ni ba sai in kwashe tsofaffin zannuwana da kayan yara in bayar ba, tunda kaya ba ya shiga aljihu? Niyya ce mai kyau, amma masu wannan aiki sun daɗe suna kuka da tulin tsummokaran da akan jibge musu. Sai an tantance, an wanke, an ɗaure, an biya kuɗin jirgi, an bi ta kwastan, a ƙarshe kuɗin dakon ya ninka darajar kayan. Kuma ki duba, atamfa da leshi me za su yi wa matar da take cikin dusar ƙanƙara? Da kuɗi ana sayen bargo da tanti da madara a kasuwa mafi kusa da wurin, a kai da wuri, har 'yan kasuwar yankin su ma su farfaɗo. Zannuwanki ki ajiye wa na kusa, za mu zo kansu.

Kada kuma in bar ku da zaton cewa babban suna shi ke nan an tsira. A cikin makonnin farko na girgizar Turkiyya jaridun ƙasar suka fallasa cewa ƙungiyar agajin ƙasar mai alamar jinjirin wata, Kizilay, ta sayar wa wata ƙungiyar sa-kai mai suna Ahbap tantuna sama da 2,000 a kan lira miliyan 46, a lokacin da mutane suke kwana a titi. Ƙasa ta ɗauki zafi, har shugaban ƙungiyar ya ajiye muƙaminsa a watan Mayun shekarar. Abin da na ɗauka a wannan labari shi ne, an gano, an yi magana, an san wanda za a tuhuma, domin akwai ofis, akwai takardu, akwai suna. Ni fa da nawa mutumin, wa zan kama? Bambancin ke nan. Saboda haka ki tambayi kowace ƙungiya, komai girmanta: wancan karon da kuka tara, nawa aka samu, ina aka kai? Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan tambaya. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da kansa ya yi wa ma'aikacin zakkarsa Ibnul Lutbiyya lissafi da ya dawo, kuma da mutumin ya ware wani abu ya ce kyauta aka yi masa, sai da Annabi ya hau mumbari a kan maganar. In an binciki sahabi, wane ne shugaban ƙungiya da zai ce an ci masa fuska?

Amma mu ma mu yi adalci. Na sha jin mata suna cewa wai ƙungiya kaza tana cire wani abu don biyan ma'aikata da man mota, saboda haka ɓarayi ne. Ba haka ba ne. A cikin kashi takwas na masu cin zakka da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta lissafa, har da masu aikin tattara ta. Buhun shinkafa ba ya tashi da kansa ya hau dutse. Abin dubawa shi ne su faɗi abin da suke cirewa, kuma ya zama daidai misali. Ni wanda ma yake rantse mini cewa ko kobo ba a taɓawa, shi na fi sa wa ido.

Yanzu bari mu dawo gida, don na san wasu tun ɗazu suna cewa a ransu, Malama, mu da muke da namu bala'in a bakin ƙofa? Gaskiyarku. Mu girgizarmu ruwa ce da wuta. Ambaliyar 2022 ta kashe mutum sama da 600 a faɗin Nijeriya, kuma Jigawa tana cikin jihohin da suka fi ɗanɗana kuɗarsu, mutanen ƙasar Haɗejiya da Ringim ba za su manta ba. A watan Satumban 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya shanye babban ɓangare na Maiduguri. Wata guda bayan nan, a daren 15 ga Oktoba, tankar mai ta faɗi ta kama da wuta a Majiya ta ƙaramar hukumar Taura, nan cikin masarautarmu ta Ringim, sama da mutum 150 suka rasu a kwanakin farko, adadin kuma ya yi ta ƙaruwa a asibitoci. A mazhabarmu ta Malikiyya, asali zakka a raba ta a inda ta wajaba, ba a ɗauke ta zuwa nesa sai in na can sun fi tsananin buƙata. Ita sadakar ganin dama ƙofarta a buɗe take, kusa ko nesa, Musulmi ko wanda ba Musulmi ba. Ra'ayina ni dai, wadda abin hannunta kaɗan ne ta fara da inda idonta ko idon wani nata zai iya kaiwa, nan ne kuma zannuwa da kayan yara da tiyar gero suke da amfani. Wadda Allah ya buɗa wa, ta haɗa biyu. Amma ba na goyon bayan masu cewa "namu ma ya ishe mu" alhali ko na gidan ba su ba komai ba.

A shekarar yunwar nan da ake kira Shekarar Toka, shekara ta 18 bayan hijira, da fari ya koro mutanen ƙauyuka zuwa Madina, Sayyidina Umar ya rubuta wa gwamnoninsa na nesa yana neman ɗauki, ayarin raƙuma suka taso tun daga Sham. Wato na nesa ya taimaki na nesa. Abin da ya fi burge ni shi ne abin da malaman tarihi suka kawo, cewa ya naɗa mutane a sassan garin suna rabo, da yamma su taru a wurinsa su ba shi labarin abin da aka yi, har yakan sa a ƙirga waɗanda suka ci abinci. Shi da kansa kuma ya haramta wa bakinsa man shanu har sai jama'a sun samu.

Wata 'yar magana a gefe, tunda da matan aure nake. Kuɗin cefane da hatsin rumbu dukiyar maigida ce, kada tausayi ya ɗebe ki ki kwasa ba da saninsa ba, sai ɗan abin da kika san a al'ada ba zai damu ba. Naki na kanki kuwa, na sana'a ko na gado ko na adashe, naki ne, sai dai malaman Malikiyya suna ganin in kyautar za ta haura kashi ɗaya cikin uku na dukiyarki to a nemi yardarsa, wasu malaman kuma ba su sa wannan sharaɗi ba. Ko ba don hukunci ba, shawara da shi tana da rana. Da na nuna wa nawa saƙon nan kafin in danna, da ban ba ku wannan labari ba.

A makarantarmu yanzu mun yi wa abin tsari. Muna da asusun katako mai kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya a wurina, ɗaya a wurin wata Hajiya da matan suka zaɓa, kowace Alhamis mai naira hamsin, mai ɗari, ta jefa, don kada sai bala'i ya faɗo mu fara fafe gora ranar tafiya. Akwai littafi da ake rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, kuma ana karanta shi a gaban kowa ƙarshen wata. Ba a fitar da ko naira sai mutum uku sun yarda, kuma ba ma tura wa asusun da wani namu bai taka ya ga masu shi ba. Da abin Majiya ya faru, ba mu tura ta waya ba sam. Mazan biyu daga cikinmu ne suka ɗauki kuɗin da buhu biyu na gero da ƙullin zannuwa, suka je suka sami mai unguwa da limami, aka nuna musu gidajen da aka bar marayu da zawarawa, suka dawo mana da sunayen gidajen a rubuce. Ranar da aka karanta takardar a aji, Inna ta sa aka maimaita mata sau biyu.

To ke 'yar uwata ta Kazaure, amsarki ita ce, cikin lambobi ukun nan kada ki tura wa ko ɗaya tukuna. Ki ba maigida ko ɗanki sunayen ƙungiyoyin ya duba rajistarsu, a nemo lambar daga ofishinsu ko daga shafinsu na ainihi, a tambaye su wa yake raba musu kaya a Afganistan, sannan in kin zo turawa ki karanta sunan da ya fito, ki kuma adana rasit ɗinki. In duka ukun sun faɗi jarrabawa, ki riƙe kuɗinki zuwa lokacin da za ki samu hanya mai kyau, mutanen can za su daɗe suna buƙata. Ki rubuto mini yadda kuka yi, in editarmu ta ba da dama zan sa a wannan shafi don wasu su amfana.

Maganar tarbiyyar 'ya'ya mata kuma tana nan, sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.